Babi na Bakwai: Titin Ikko da Rumbun Magarya

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci. Tun Laraba ake koro shanu da raƙuma da tumaki daga ƙasar Dungas da Malawa da Dogo-Dogo, a ƙetaro iyaka da su, su kwana a bakin kara. Kafin la'asar ɗin Alhamis an gama tayi da sallamawa, dillalai sun soke la'adarsu a aljihu, an shiga loda dabbobi cikin tireloli. Wasu motocin Fatakwal za su, wasu Onica, amma da yawansu Legas suka nufa, garin da dattawanmu har gobe suke kira Ikko. In ka ɗaga kai ka dubi saman mota, bisa katakon da aka gicciya a kan shanun, za ka ga mutane zaune sun naɗe fuska da rawani saboda iska. Wasu masu kula da dabbobin ne, su ke tayar da saniyar da ta kwanta kada ƴan'uwanta su tattake ta. Sauran kuwa samari ne ƴan ci-rani waɗanda kuɗin bas ya fi ƙarfinsu, kowa rungume da ƴar jakarsa. Tafiyar ta haura kilomita 1,000: Kano, Zariya, Kaduna, a gangara Mokwa, a haye Kwara a gadar Jebba, a bi ta Ilori da Ogbomosho da Badun. Kwana biyu ne in hanya ta yi kyau. In mota ta lalace ko shingaye sun yi yawa, sai yadda Allah ya yi.

Babu teku a Magarya, babu a Dungas. Amma akwai gidaje masu yawa a Bande da Waca da Guci da Yekuwa waɗanda tuwon darensu a watannin bazara ya danganta da abin da ya faru a wani titi na bakin teku da matan gidan ba su taɓa gani ba. In gwamnan Legas ya sa hannu a kan dokar hanya, ba a rufa wata biyu sai an ji ta a rumbunan nan. Shi ya sa titin Ikko ya samu babi a littafin nan.

Dalilin tafiyar kowa ya san shi. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 570,000 a gundumar Magarya, da fiye da 350,000 a gundumar Dungas, wadda aka yanka daga jikin Magarya a 2011. Yankin yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar. Gona ɗaya da kaka ya noma, yau jikoki goma ke rabonta. Manoman nan sun yi abin da duniya ta yaba musu, sun raya gawo a gonakinsu har masana suna zuwa daga nesa su gani, ga raken fadamun Korama, ga riɗi da wake. Duk da haka damina wata uku ce ko huɗu, geron da aka ɗaure kuwa a gidaje da yawa ba ya kaiwa wata kakar. Saurayi in ya zauna gida da rani, baki ne ya ƙaru a kan rumbu. In ya tafi, ya rage baki ɗaya, kuma ana sa ran aike.

Hanyar ma tsohuwa ce. Tun 1863 wani Bature mai suna Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, wadda ake lissafawa cikin tushen soja da ƴan sandan Najeriya. A farkon ƙarni na ashirin gonakin goro na Agege suka ja fatake daga arewa, suka kafa zango, har aka yi sarautar Sarkin Hausawa da ke nan har yau. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, kuma gyaɗar Magarya ta shekara da shekaru tana bi ta Kano, a loda ta a jirgi zuwa tashar ruwa ta Legas. Kakanninmu sun aika da gyaɗa, gyaɗa ta mutu, yanzu ƴaƴa ake aikawa.

Abin da ke fara rikita baƙo a Legas shi ne ruwa da mutane. Jihar ita ce mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa duk Najeriya, wani babban sashe nata ma ruwa ne, amma gwamnatinta na cewa mazaunanta sun haura miliyan 20. Manyan ofisoshi da bankuna da tsohuwar kasuwar Balogun suna kan tsibirai, talakawa kuwa suna kwana a tudu, a Agege da Mushin da Ikorodu da Ajegunle. Gadoji uku ne manya suka haɗa tsibirin Legas da tudu: Carter, wadda aka fara ginawa a 1901, da Eko, da ta ukun mai tsawon kilomita 11.8 da aka buɗe a 1990. Kullum da asuba miliyoyin mutane ke neman tsallakawa, da yamma su nemi dawowa. Nan gosulo ya samo asali, kuma a cikin gosulon nan rabin sana'o'in titi suka tsiro.

Motar da ta ɗauki nauyin garin ita ce danfo, ƙaramar bas ruwan ɗorawa mai baƙin zane biyu a gefe, yawanci tsohuwar Volkswagen da ta gama aiki a Turai kafin ta sauka a Apapa. An cire kujerunta na asali an kafa bencin katako da ƙarfe don a ƙara mutum. Kwandasta ba ya zama. Ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya riƙe da rufin mota, takardun kuɗi a naɗe tsakanin yatsunsa, yana ƙwala kiran Oshodi, Obalende, Ojuelegba, da sauri har sunayen su narke a bakinsa, baƙo ya tsaya yana sauraro bai gane ko ɗaya ba. A kowace tasha ƴan kamasho, waɗanda can ake kira agbero, suna bin motar da gudu, su karɓi nasu, su yi wa gilashi alama. In za ka sauka sai ka ɗaga murya ka ce "o wa", in ka yi kunya an wuce da kai. In kwandasta ba shi da canji, sai ya haɗa ka da wani fasinja da ba ka sani ba, ya miƙa muku takarda ɗaya, ku sauka ku nemi mai ruwan leda ya raba ku. Kafin danfo ta mamaye gari akwai yayarta molue, doguwar bas mai cin mutum tsaye da zaune, wadda Fela Anikulapo Kuti ya yi wa fasinjojinta waƙa, aka kuma hana ta hayewa tsibiri a 2013.

A jikin motocin nan ne na ga fasahar da ta fi kowace yawan masu kallo a garin. Bayan danfo allo ne. Wani ya rubuta addu'a da Yarbanci, wani da Larabci, wani ya yi wa maƙiyansa habaici, wani ya manna hoton malaminsa ko tambarin ƙungiyar ƙwallon da yake so. Tirelolin da ke saukowa daga arewa sun fi su ado: zaki ya danne barewa, mikiya ta buɗe fiffike, barde a kan doki da mashi, masallaci mai hasumiya biyu, an kewaye su da furanni kore da ja. Masu zanen suna aiki a gefen gareji da gwangwanayen fenti da buroshi, ba sa sa hannu a aikinsu, ba mai sanin sunansu sai direbobi. Amma in ka shiga manyan gidajen zane na Lekki da Ikoyi, irin su Nike Art Gallery, ko baje kolin Art X Lagos da aka fara a 2016, za ka tarar launin danfo da hayaniyar tasha sun hau bango, ana sayar da su da tsada. Ban ga laifin wannan ba, gari ne yake kallon fuskarsa. Abin da ke damuna shi ne ana son hoton motar a falo, ana neman hanyar kawar da mutanen da ke cikinta. Tun 2017 gwamnati take shelar za ta raba gari da danfo, danfo kuwa tana nan, domin ba a samar da abin da zai ɗauki mutanen da take ɗauka ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos ya ga darajar yaron mota tun tuni, ya ɗauki kuntiginsa ya yi masa waƙa sukutum, a lokacin da ba wanda ke kallonsa a matsayin mutum.

Mutanenmu ba su cika tuƙa danfo ba, wannan sana'ar tana hannun ƴan gari da ƙungiyoyinsu. Wurinsu shi ne gefen titi da lungu. Su ne mai shayi da ke kunna risho tun kafin kiran assalatu, ya jera gwangwanayen madara da burodin Agege, ya soya ƙwai ga kwandastan da zai fita aiki. Su ne mai gyaran takalmi da ke tafe yana ƙwanƙwasa akwatinsa, da tela mai yawo da keken ɗinki a kafaɗa yana kaɗa almakashi, da mai yankan farce, da mai rake a baro, da ɗan bola-jari, da maigadin da ke kwana a ɗan ɗaki a bakin ƙofa, da ƴan dakon da ke sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa a kasuwar Mile 12. Ɗan gari ba ya bambanta na Kano da na Damagaram, da mutumin Gumel da na Tsatsumburum, duk aboki yake ce musu.

Ka tsaya ka kalli mai ruwa. Garin da ruwa ya kewaye ta ko'ina, famfon gwamnati bai isa yawancin gidajensa ba. Sai mai ruwa ya je gidan da aka haƙa burtsatse, ya cika jarka goma ko sha biyu, kowace lita 25, ya jera su a kura mai taya biyu. Jarka goma kilo 250 ke nan, ban da nauyin kurar. Ya duƙa ya sa ƙirji, silifas ɗinsa na zamewa a laka, yana kauce wa danfo da rami da kwata. In ya isa gidan bene, sai ya ɗauki jarka biyu, ɗaya a kowane hannu, ya hau hawa uku, ya juye a duro, ya sauko ya sake. Kurar ma sau da yawa ta haya ce, sai ya biya mai ita kafin ya ƙirga nasa. Abin da ya rage shi ake ƙullewa a leda, a tara, a ba wani amintacce mai komawa gida ko a tura ta hannun ɗan kasuwa, a buga waya a ce a je wurin wane a karɓa.

Sabon zuwa ba ya sauka a sarari. Akwai ɗan garinsu da ya riga shi, akwai rumfa ko barandar shago ko harabar masallaci inda ƴan ƙauye ɗaya ke shimfiɗa kwali su kwana. A irin wannan wuri za ka ji dattijon da ya daɗe yana zuwa yana yi wa yaro karatun gari.

"Kai yaro, ɗan wa ka ce kake?"

"Ɗan ƙanenka ne, Baba, na gidan gabas."

"To, madalla. Ka buɗe kunnenka. In ka ga taro ana hayaniya, kada ka tsaya kallo. In mota ta tsaya aka ce ka shigo akwai aiki, kada ka shiga sai da wani namu. Kuɗinka kada ya kwana a aljihu ɗaya. Wanda ya zage ka, ka ce masa na gode, ba faɗa ya kawo ka ba. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

"Gobe ka bi yayanka ka ga yadda ake tura kura."

Gargaɗin nan yana da tushe. An yi rikicin Ketu da Mile 12 a 1999, an yi na Idi-Araba a watan Fabrairun 2002 inda aka rasa rayuka masu yawa, a watan Maris na 2016 kuma wata ƴar hatsaniya da ɗan acaba ta zama faɗan da ya sa aka rufe kasuwar Mile 12. Tsofaffin ƴan ci-rani ba su manta 1983 ba, shekarar da gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, ƴan Nijar da yawa suka dawo gida da abin da hannu ya iya ɗauka.

Duk da wannan zaman ɗar-ɗar, ba su bar wasanninsu a gida ba. Da yammacin Lahadi, a filayen unguwannin Hausawa irin su Agege, kalangu na tashi, ƴan dambe su naɗe hannu da zare, a yi Kudu da Arewa, ƴan kallo su yi ta liƙi da kuɗin da suka sha wuya kafin su samu. In lokacin gasar kokowa ta takobi ya zo a Nijar, wadda ake yi tun 1975, za ka ga mutum goma sun haɗa kai a kan waya ɗaya a teburin mai shayi, suna jiran su ga ko ɗan Damagaram zai kai abokin karawarsa ƙasa. Akwai masu ɗinkin hula da ke zaune a inuwar shago da allura da zare, hula ɗaya ta ci makonni. Akwai dukawa da maƙeran azurfa da kayansu ke cika rumfunan kasuwar sana'o'in hannu ta Lekki, inda baƙi daga Turai ke saye su tafi da shi a matsayin tsarabar Legas. Tsire kuwa ya riga ya zama abincin daren garin baki ɗaya, daga Obalende har Ikeja. Yanka nama falle-falle, da haɗa yaji da ƙuli-ƙuli, da sanin lokacin da za a juya tsinke, gwaninta ce da ake koya shekara da shekaru a hannun maigida.

Sana'ar da ta fi kowace canza rayuwar samarinmu ita ce acaba, wadda a Damagaram muke ce wa kabu-kabu, a Legas kuma okada. Lissafinta a fili yake. Mai tura kura yana samun na abinci da ɗan aike, mai babur kuwa in gari ya yi kyau yana iya yin aure, ya yi ɗakin kwano, ya sayi ɗan bijimi ya bar wa ƙanensa kiwo. Wasu kan karɓi babur a hannun mai shi suna kai masa balas kullum, wasu su biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasu, wasu kuwa a gida ake sayar da dabba ko a jinginar da gona a saya musu Boxer sabo, a ɗora shi a tirela tare da su. Garin ma yana bukatarsu: ma'aikacin da gosulo ya tsare, da matar da gidanta ke can cikin lungun da mota ba ta shiga, duk babur ne ke fid da su.

Sai doka ta fara matsowa. A 2012 gwamnatin Babatunde Fashola ta hana babura bin hanyoyi 475. A ƙarshen watan Agustan 2019 jami'an jihar suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 da babura 48 daga Jigawa, maƙwabciyarmu ta kudu, aka tsare su, aka bincika ba a samu komai ba, aka sake su. Ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaba da keke mai ƙafa uku a manyan sassan birnin, har da kamfanoni irin su Gokada da ke aiki da manhajar waya. A watan Mayun 2022, bayan kisan wani matashi a Lekki da aka ɗora alhakinsa a kan ƴan acaba, aka sake tsaurara hanin daga 1 ga Yuni a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba aka ƙara da Kosofe da Oshodi-Isolo da Shomolu da Mushin. Baburan da aka kama, dubbai, ana tara su a fili, a kira ƴan jarida, injin ya murƙushe su. A wannan watan na Mayu ne kuma aka ba mazauna Alaba Rago, babbar kasuwar dabbobi da matattarar ƴan arewa a Ojo, wa'adin tashi, daga baya katafila ta shiga.

Gaskiya ɗaya ce, hujjojin gwamnati ba ƙarya ba ne. Babur ya karya mutane ba adadi, asibitin ƙashi na Igbobi shaida ne. Ɓarayi sun yi fashi da shi. Cikin samarinmu akwai waɗanda suka hau titin Legas ba su taɓa koyon dokar hanya ba, suna bin hannun da ba nasu ba, in an yi hatsari su taru su goyi bayan nasu ko shi ne da laifi. Wannan ɗabi'a ta jawo wa masu gaskiya baƙin jini, kuma wajibi ne mu faɗa wa kanmu. Kano ma, garin Hausawa, ta hana acaba a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Bambancin shi ne a Kano an bar keke mai ƙafa uku, wato A Daidaita Sahu, dubban ƴan acaba suka koma tuƙa shi. A Legas ta 2020 an haɗa babur da keke an hana rana ɗaya, mutanen gari suka yi ta taka sayyada zuwa wurin aiki, masu baburan kuma aka bar su da bashi. Ana iya yi wa mutum rajista, a koya masa tuƙi, a ba shi lamba da riga da unguwar da zai tsaya, wanda ya karya doka a hukunta shi shi kaɗai. A Kwatano, nan kusa, ƴan zemijan masu rigar ruwan ɗorawa da lamba a baya suna aiki a tsakiyar gari. Murƙushe babur a gaban kyamara ya fi sauƙi, amma abin da aka murƙushe sau da yawa gonar wani ce a Dogo-Dogo.

Haka dokar talla take. Tun Yulin 2016 aka ce mai sayarwa a titi da mai saye duk za su biya tarar naira 90,000 ko wata shida a gidan yari, a farkon 2018 kuma aka hana masu tura kurar shara. Gosulo bai ragu ba, masu talla ba su ƙare ba, sai dai kamawa da ƙwace kaya suka ƙaru.

Ba na cikin masu kukan a bar Legas yadda take. Abin da ake ginawa yana da kyau, kuma ya makara ma. Jirgin cikin gari da Gwamna Lateef Jakande ya faro, mulkin soja ya soke shi a 1985, garin ya yi kusan shekara arba'in yana biyan wannan kuskure. A watan Maris na 2008 aka fara manyan bas na BRT masu hanyarsu ta daban, daga Mile 12 zuwa CMS. Ranar 4 ga Satumban 2023 jirgin Blue Line mai aiki da lantarki ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13. A watan Oktoban 2024 na Red Line ya biyo baya, kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Ga jiragen ruwa na fasinja zuwa Ikorodu, ga katin Cowry da ake biyan kuɗin mota da shi ba rigimar canji. Duk wanda ya taɓa kwashe awa uku a cikin danfo tsakanin Agege da tsibiri zai yi wa wannan aiki addu'a. Sai dai jirgi a tasha yake ajiye mutum, ba ya kai shi ƙofar gida, ba ya hawa bene da jarka, ba ya sauke kwandon tumatir. Wannan guntun aikin da ya rage tsakanin tasha da gida, shi ne mutanenmu ke yi, kuma masu tsara garin ba su ware masa wuri a takardunsu ba. An ɗan ga girmansa a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu na kusan mako guda: kasuwanni suka bushe, tumatir da nama suka yi tashin gwauron zabo.

A gida kuwa abin ya zo a haɗe. Kasuwannin Magarya da Dungas da naira suke ci kamar yadda suke ci da sefa, wani wurin ma naira ta fi yawo. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai a Najeriya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. A watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, alhali sefa tana ɗaure da yuro ba ta motsa ba. Aiken da a da yake sayen buhun gero ya koma sayen ƴan tiyoyi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, wannan kuwa bayan rufewar 2019 da ta kai Disamban 2020. Duk wanda ya san asibitin yara na Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2005, ya san yadda gadaje ke cika da masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro daga tsakiyar damina zuwa kaka. Lokacin nan ne rumbu ke ƙarewa, lokacin ne aiken ɗan ci-rani ke raba gida da yunwa. In hanyar kudu ta toshe kuma, ta arewa ake dubawa, wadda ta fi muni. Ba mu manta mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoban 2013 ba, yawancinsu mata da yara daga ƙasar Kance, maƙwabtanmu na yamma.

Yanzu ga wani sabon al'amari. Tun 1979 yarjejeniyar CEDEAO ta ba ɗan Nijar damar shiga Najeriya ya zauna kwana 90 ba biza, amma ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar. An ce za a ci gaba da mutunta takardun tafiya da zirga-zirga har sai an sake sanarwa. Wannan sassauci ne, ana iya janye shi, kuma mai takarda kaɗai yake karewa. Yawancin samarin da ke hawa tirela a Maigatari, ko su bi ta Tinkim da Babban Mutum su faɗa Kano, ba su da ko takardar haihuwa.

Don haka kirana ga sarakunan gargajiya da masu gari da hukumomin ƙananan hukumomin Magarya da Dungas shi ne su mai da yin katin ɗan ƙasa aikin kaka, a kai shi ƙauye-ƙauye da zarar an gama ɗaurin gero, kafin samari su watse. Ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna Legas su rubuta sunayen mutanensu unguwa-unguwa, su nemi zama da sarakunan Hausawa da hukumar sufurin jihar, a san da su kafin a yanke hukunci a kansu. Ku kuma iyaye, kada ku bar yaro ya hau mota ba kati a aljihunsa, ba lambar wanda zai sauka a wurinsa. Kuma duk wanda ya zo muku da shawarar a jinginar da gona a sayi babur a kai Ikko, ku tambaye shi unguwar da zai yi aiki, ku bincika ko tana cikin ƙananan hukumomi goman da aka hana.